Gorar Eriya Ta Sauka, Rauta Ta Hau Bango

Duk wanda ya hau bene a cikin birnin Kano a yau ya kai dubansa kan rufin gidaje, abin da zai gani bai wuce baƙaƙen tankunan ruwa ba, da farantan dish masu tsatsa, da gilasan sola suna ƙyalli a rana. Gorar eriya kuwa ta ɓace. A da babu lungun da ba ta tsaye a cikinsa: doguwar gora ko bututun ƙarfe, an ɗaure da igiya a jikin katanga, an kafa mata ƙarafan alminiyam a ka, waya ta sulalo ta taga zuwa bayan talabijin. Ba a yi shelar sauke su ba. Guguwar farkon damina ta karya wasu, 'yan gwangwan suka ɗora wasu a sikeli, sauran aka mayar da su sandar tokare igiyar shanya.

Juya eriya aikin yara maza ne, kuma ba mai son ya faɗo a kansa, domin mai juyawa shi kaɗai ne ba ya ganin abin da ake nunawa. Da hoto ya dushe, akwatin ya kama shuuu, sai a tura ɗaya waje. Ya rungumi gorar yana murzawa, yana ɗaga murya: "Ya yi?" Daga ciki a amsa masa baki ɗaya: "Bai yi ba, ƙara!" "Yanzu fa?" "Ka wuce, dawo baya kaɗan. Yawwa! Tsaya nan, kar ka motsa!" Wata rana haka zai ƙare shirin a tsaye, sauro na cizon ƙafarsa, yana jiyo dariyar da Samanja ke ba mutane.

Talabijin ɗaya ce a gidanmu, ta kuma ishi gida uku. Bayan sallar isha'i a fito da ita tsakar gida a ɗora a tebur, a baje tabarmi, a kunna maganin sauro, hayaƙinsa ya gauraya da na murhun da bai gama mutuwa ba. Yara a gaba, iyaye mata a bakin ƙofofin ɗakunansu, Baba a kujerarsa ta katako. Duk abin da ya shigo gidan ta wannan siririyar waya, tare aka gan shi, tare aka ji shi. In aka nuno abin da bai dace ba, gyaran murya ɗaya ya isa a kashe akwatin.

Tarho kuwa, a duk layinmu gida ɗaya ne ke da shi, gidan wani Alhaji ɗan kasuwa. Baƙi ne mai nauyi, ana zura yatsa a juya lambobinsa, an kuma saƙala masa ɗan kwaɗo don kada yara su buga. Amsa kira dai kyauta ne ga duk unguwa. Yaro zai shigo da gudu: "Wai ana kiran Baba daga Legas, za a sake bugowa anjima." Baba ya zura riga, ya je ya zauna a zauren mutane yana jiran ƙararrawa. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin har zuwa shekarar 2000 layukan tarho da ke aiki a Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan duka a hannun NITEL suke.

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To amma mai tuna bara ya tuna ta gaba ɗayanta. A wancan zamanin ne ake yi wa mutum rasuwa a Kano, labari bai iske shi a Kumasi ba sai an yi sadakar bakwai. Uwa ta shekara ba ta ji muryar ɗanta da ke Makka ba, sai in alhazai sun dawo da kaset ɗin da ya naɗa mata. Naƙuda ta tashi da tsakar dare, sai an bi duhu ana bubbuga ƙofar mai mota. Wanda ya ce waccan rayuwa ta fi, bai taɓa wuni a zauren wani yana jiran kiran da bai zo ba.

A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai yakan kai naira 20,000, minti ɗaya naira 50, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe. Sai da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa aka ɗan numfasa. Intanet kuwa a lokacin zuwa wajenta ake yi. Kafe ɗaki ne mai zafi, fanka na kaɗa iska mai warin fetur, janareta na ruri a bakin ƙofa, ka sayi awa ɗaya, rabinta ya ƙare kana kallon shafi yana buɗewa layi-layi. Samari sukan sayi kwanan dare don ya fi araha da sauri. 'Yan mata da matan aure ba su da rabo a ciki sai kaɗan; wace uwa ce za ta bar 'yarta ta kwana a shago? In sakamakon jarrabawa ya fito, yayanta ake ba kati ya je ya dubo mata. Daga baya ɗan tsiton modem ya zo, na Starcomms ko Visafone ko Multi-Links, a soka shi a jikin kwamfuta, a ɗauke ta cak a kai bakin taga ana lallaɓawa.

A 2010 manyan kebul biyu da suka sauka a Legas ta ƙarƙashin teku suka fara aiki, MainOne daga Fotugal da Glo-1 daga Ingila. Bayan 'yan shekaru wayoyin shafa masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwar Farm Centre da titin Beirut. Kafe suka koma wuraren buga takardu da rajistar jarrabawa, kowa ya koma sayen datarsa da kansa.

A nan ne gida ya shiga irin halin da noma ya shiga lokacin da gandu ya watse. A gandu gona ɗaya ce, rumbu ɗaya, maigida ne ke ciyar da kowa daga cikinsa, sannan kowane ɗa yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa da yamma don ƙananan buƙatunsa. Datar da kowa ke saya wa wayarsa gayauna ce. Gida mai waya takwas, gayauna takwas ke nan, babu gandu. Wannan ya sayi ta kwana ɗaya, waccan ta sayi ta mako, alhali duk wanda ya duba jadawalin farashi ya san gigabait ya fi tsada a ƙaramin saye. Wani tasa ta ƙare tun uku ga wata, wata tata wa'adinta ya cika ba ta ci ko rabi ba. Sai a wuni ana jin "Yaya, don Allah kunna min hotsifot, minti biyu kawai," ko kuma "Baba, a taimaka da na data." Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan farashi a watan Janairun 2025, magidanta da dama suka ɗauko biro da takarda. Wanda ya tara abin da gidansa ke kashewa a wata, sau da yawa yakan tarar kuɗin ya isa a sayi babbar data guda wadda za ta wadaci kowa. Abin da ya rage shi ne na'urar da za ta raba ta.

Na'urar ita ce rauta, ƙaramin akwati mai 'yan fitilu da ke karɓo intanet ta hanya ɗaya, ya watsa ta cikin gida ta iska, wayoyi su kama ta waifai. Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun 1997 aka fitar da ƙa'idarta ta farko, mai gudun megabit 2 a daƙiƙa, a 1999 kuma ta fara shiga kasuwa sosai. Mu ne dai ta iso mana a makare, domin a lokacin ba mu da abin da za a raba.

Matakin farko shi ne sanin ta ina intanet ɗin za ta shigo, kuma hanyoyin uku ne. Akwai faiba, wadda ake janyo zarenta har cikin gida. Ita ta fi ƙarko da sauri, sai dai ba ta cika wuce manyan tituna da unguwannin masu hali ba. Akwai rauta mai cin layi, ta 4G ko ta 5G wadda MTN ya fara a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, kuma ita ce zaɓin yawancin gidaje. Sannan akwai Starlink, mai karɓowa daga tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Yana kaiwa har ƙauyen da babu ƙarfen sabis, amma kayansa da kuɗin watansa masu nauyi ne, wutar da yake ci ta ninka ta ƙaramar rauta sau da dama, ruwan sama mai ƙarfi kuma yakan katse shi na ɗan lokaci.

Wajen zaɓen kamfani, maƙwabci ya fi allon talla gaskiya. Kamfanin da ke gudu a Nasarawa yana iya rarrafe a Kurna. Dabarar ita ce a aro layukan kamfanoni daban-daban a gwada su a cikin gidan da kansa, kuma a yi gwajin tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare, lokacin da duk unguwa ta hau, domin ƙarfen sabis ɗaya ake rabawa. Cikar sandunan sabis a fuskar waya ba ita ce sauri ba. A buɗe bidiyo a gani. In an ce data marar iyaka ce, a nemi ƙananan rubutun da ke ƙasa, don galibi akwai adadin da in an kai shi za a rage gudu. Rautar da kamfani ke sayarwa da rahusa yawanci a kulle take, layinsa kaɗai take karɓa. Wadda ba a kulle ba ta fi tsada, amma tana ba mutum damar sauya sheƙa ranar da sabis ya lalace. Kuɗin akwati sau ɗaya ake biya, kuɗin wata shi ne abokin zama, don haka shi ya kamata a fara aunawa da aljihu.

Mataki na biyu shi ne inda za a ajiye ta, kuma a nan ne tsohon gini ke nuna halinsa. Maginan da suka jera tubali suka ɗora azara sun yi katanga mai kauri ne don ta tare zafi da idon waje, yau ga shi tana tare sabis. Ginin zamani ma bai fi ba: bulo, da dekin mai cike da rodi, da ƙofar ƙarfe, da rufin kwano, da tankin ruwa, da firji, duk suna cinye siginar ko su karkatar da ita. Yawancin rautoci suna watsawa ta zango biyu. Na gigahaz 2.4 ya fi nisa da iya ratsa bango, amma ba shi da sauri sosai, kuma a unguwa mai cunkoso rautocin maƙwabta na gogayya a kansa, shi ya sa ake so a tsayar da shi a tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11. Na gigahaz 5 ya fi sauri, sai dai bango biyu sun isa su karya shi. Saboda haka wurin rauta shi ne tsakiyar gida, a sama, a sarari, cikin inuwa. Ba a cusa ta a durowa, ba a ɓoye ta a bayan talabijin, ba a yasar da ita a ƙasa.

Lokacin da aka zo haɗa ta a babban gidanmu, ba lissafin gigahaz ne ya ɗauki lokaci ba. Tambayar ita ce, a ɗakin wa? In aka sa a falon maigida, sashen mata bai samu ba. In aka kai ɗakin uwargida, amarya ta tashi da sanda ɗaya tal, kuma kowa ya san abin da sanda ɗaya za ta haifar a gida mai mata biyu. Ana ta kai-kawo, Hajiya, wadda ko karatun boko ba ta yi ba, ta ɗago daga lazimi ta ce, "Ku sa ta inda ba ɗakin kowa ba." Aka kafa ɗan katako a ƙarƙashin rumfar da ke kallon tsakar gida. Yaron da ya zo aikin ya ce ai ko a makaranta abin da aka koya musu ke nan. Hajiya adalci take nufi, shi kuma lissafi, suka haɗu a wuri ɗaya.

Gida mai sassa da yawa rauta ɗaya ba ta isarsa. Akwai 'yar na'urar da ake sokawa a soket ta kamo sigina ta sake watsawa. Tana da araha da sauƙin haɗawa, amma irin mai zango ɗaya takan zaftare kusan rabin gudun. Abin da ya fi inganci shi ne a ja kebul na intanet, irin Cat6, daga rautar farko zuwa ta biyu a ɗaya sashen. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da ya yi rauni ba, tsohuwar rauta da aka jefar a kwaba ma tana iya wannan aikin, a ba ta suna da kalmar sirri irin na ta farko. Haka nan in sabis bai kamuwa sai a bakin wata taga, a bar mai layin a can, a ja kebul zuwa tsakiya. A zura shi cikin bututun roba a binne, kada a rataya shi a sama tsakanin gini da gini, saboda tsawar damina. Zafin bazara da ƙurar hunturu su ma abokan gaba ne: a bar mata hanyar iska, a riƙa kakkaɓe ta.

Sai wuta, wadda ita ce ke raba waifai mai amfani da na ado. Sa'ar da aka yi, rauta ba ta da ci. Yawancinsu wat 10 ko kusa da haka suke ja, daidai da ƙwan fitila na zamani guda. Tayar da janareta saboda ita ɓarnar fetur ce. Akwai ƙananan baturan ajiya da ake yi musamman dominta, masu fitar da bolt 9 ko 12, waɗanda ke riƙe ta awanni bayan an ɗauke wuta, kuma suna kare ta daga mutuwa da tashi duk lokacin da wuta ta yi wasa. A dai duba bayan rautar a ga bolt nawa take so kafin a jona. Gidan da ke da sola kuwa, ko ƙarama ce, ya huta.

Duk da haka akwai abin da ya fi ƙarfin maigida. Ƙarfen sabis shi ma da man dizal yake aiki, masu aikin titi sukan tsinke faiba, wani lokaci kuma matsalar daga teku take. Ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, manyan kebul suka katse a gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, har harkar banki ta taɓu. A watan Satumbar 2021 kuma gwamnati da kanta ta sa aka rufe sabis a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka riƙa tafiya maƙwabtan jihohi don su buga waya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata a samu layin wani kamfani daban a ajiye a gida, da 'yar data a ciki, da kuma ɗan tsabar kuɗi a durowa don ranar da transfa ta ƙi tafiya.

Batun kalmar sirri ya fi kowanne taɓa zuciya, domin ya shafi maƙwabtaka. Ta fuskar tsaro maganar a fili take. A sauya kalmar da rauta ta zo da ita, wadda ke rubuce a ƙarƙashinta, har da ta shiga saitinta. A zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3, ta farko tun 2004 take, ta biyu 2018. Kada a sa lambar wayar maigida ko sunan auta. A kuma sani cewa wayoyin yanzu suna miƙa wa juna kalmar ta hanyar ɗaukar hoton wata alama, don haka in ka ba saurayi ɗaya, ka ba majalisarsu gaba ɗaya. Alamar hakan ita ce ka ga dakalin bayan katangarka ya cika da dare, fuskoki na haske, datar wata kuma ta ƙare a kwana goma.

Amma kulle ƙofa gam ba halinmu ba ne. Alhaji mai tarho ya sa kwaɗo a majuyin lamba, bai taɓa sa shi a ƙofar zaurensa ba: ya kare aljihunsa, bai tauye haƙƙin maƙwabci ba. Rauta ma tana ba da irin wannan dama. Yawancinsu suna da layin baƙi, mai kalmar sirrinsa daban, wanda a wasu ma ana iya taƙaita gudunsa, a kuma sauya kalmar duk lokacin da aka so. Ɗalibin maƙwabta mai neman cike fom, ko baƙon da ya sauka, a ba shi wannan. Ba a yi rowa ba, ba a kuma yi sakaci ba.

Akwai wata ƙofa kuma da ba kalmar sirri ke tsare ta ba. A gidan Bahaushe baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Ya yi sallama, a aiko yaro ya ji ko wane ne, maigida ya fito. Tsarin ginin kansa, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, an yi shi ne don kada wani ya faɗo wa iyali kai tsaye. Yau baƙon da ba a san asalinsa ba yana hira da 'yar shekara goma sha uku a kan gadonta da ƙarfe ɗaya na dare, ƙofar gida kuwa a garƙame. A nan rauta ta fi datar aljihu alheri, domin tana da saitin da ke yanke wa wayoyin yara sabis a lokacin da aka tsayar, wasu kuma suna toshe shafukan batsa da na caca. Sai dai yaron da ke da layinsa zai iya kewaye duk wannan da datar naira ɗari biyu. Abin da na ga yana aiki a gidaje shi ne doka mai sauƙi: bayan isha'i wayoyin yara a ɗakin Inna suke kwana, a can ake cajinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma uban da ke cin tuwo yana shafa waya ba shi da bakin hana ɗansa.

Tattali ma tarbiyya ne. Saƙon rubutu da kiran murya ba su cin data sosai. Bidiyo ne ke lashe data, awa ɗaya ta mai kyawun hoto tana iya cinye gigabait 1 zuwa 3. Wayoyi kuma da sun ji waifai sai su ɗauka kyauta ce, su kama sabunta kansu da tura hotuna ajiya ba tare da an sa su ba. In aka rage kyawun hoto, aka kashe sabuntawar kai-tsaye, aka sauke fim sau ɗaya maimakon kowa ya kalla daban, datar wata takan kai wata.

In aka ɗora ribar a sikeli, tana da nauyi. Matar aure da ba ta fita tana sayar da atamfa da humra da dambun nama daga ɗakinta, ta ɗora hoto a WhatsApp, kuɗi ya shigo ta transfa, mai adaidaita ya kai kaya, 'yarta kuma tana makaranta maimakon yawon talla. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma yarinyar da a da sai yayanta ya dubo mata sakamako, yanzu a tsakar gida take gwajin tambayoyi. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda korona, an ga tazarar da ke tsakanin gidan da ke da intanet da wanda ba shi da ita. Tsohuwa tana ganin jikokinta na Jidda ido da ido, tana sauraron tafsirin malamin da take so a lokacin da take so. Mata, waɗanda zamanin kafe ya bari a baya, su suka fi kowa cin moriyar shigowar intanet cikin gida.

Asarar ma ba a ɓoye take ba. An haɗa data wuri ɗaya, amma ba a haɗa mutane ba. Ka shiga gida da dare ka tarar da mutum tara a tsakar gida ɗaya, kowa da abin da yake kallo, kowa da abin da ke ba shi dariya shi kaɗai. An ce zumunta a ƙafa take, yanzu barka da salla hoto ne da ake turawa mutum ɗari a tashi ɗaya, ta'aziyya ma wani lokaci a rubuce take ƙarewa. Ƙarya kuma ta samu abin hawa. A watan Agustan 2014, lokacin fargabar Ebola, saƙon waya ya tashi mutane da asuba suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har aka rasa rayuka. Sai dai a yi wa waifai adalci: ba ita ta kashe tatsuniya ba. Tun ranar da aka fito da talabijin tsakar gida Gizo da Ƙoƙi suka fara rasa masu sauraro, kaset ɗin bidiyo ya zo ya ƙarasa. Kowane zamani da abin da ya karɓa da abin da ya bayar, kuma iyayenmu ma sun yi kukan namu.

Abin da ya bambanta shi ne, a wancan karon sauyin ya zo mana ba shiri, a wannan karon kuwa makunnin yana hannunmu. Rauta tana da lokacin kunnawa da na kashewa, tana da wanda za a ba da wanda za a hana, kuma duk waɗannan shawarwari ne na masu gida, mai shago ba zai yanke su ba. Don haka, maigida da uwargida, kafin ku aika kasuwa ku tara iyali ku zauna. Ku lissafa abin da ake kashewa, ku gwada sabis a cikin gidanku, ku sa akwatin inda kowa zai samu daidai, ku tanadar masa batir, ku ware wa maƙwabci rabonsa, sannan ku tsayar da sa'a guda a kowace rana da za a ajiye waya a ci abinci tare. Dokar kuma ta fara aiki a kanku kafin ta hau kan yara.